Tsakuwar da Aka Shanya

Bakin Dam, ranar Talata.

Zuwa ga Babana, Malam Muhammadu Sani,

Baba, ka taɓa shaƙar numfashin da ka riga ka fitar? Ka gafarce ni da na sa tambaya gaban gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da ciwon ƙafarta, da kowa na gida. Yaya ƙarin haƙurinmu na rashin ɗan'uwana Hadi? Safiyatu ƙanwata, na san ke za ki karanta masa. Kada ki tsallake ko layi ɗaya don ki sanyaya masa rai.

Saƙonka ya iso, wai in shiga ruwa in buɗe ƙofar dam da itace da laka suka toshe, alkama da tumatir suna ƙonewa a fadama. Na sani, ni ma daga gonar nan nake ci. Amma ka san abin da muke goyawa a baya in za mu nutsa? Injin nan ba ya zubar da numfashi. Abin da ka fitar shi yake mayar maka, bayan ya ratsa wata farar tsakuwa mai tsotse gubarsa. Malamin nutso da kamfanin aikin dam ya kawo mana, kafin aiki ya tsaya su tattara su tafi, ya nanata har ya gundure mu cewa tsakuwar da ta yi aiki ta mutu, a zubar. Ya taɓa korar Hadi daga ruwa don bai duba injinsa ba. Muka yi ta zaginsa a bayan idonsa. Allah ya yafe mana.

Sai ga shekarar nan da ko ƙaiƙayi ba a zubarwa. Sabuwar tsakuwa ta ƙare. Ku dattawan manoman rani kuka ce zubar da tsohuwar almubazzaranci ne, a shanya ta. Aka baza ta a tabarma a tsakar gidanmu kamar tsabar gero. Ta fito daga inji da launin shuni, ta sha rana ta koma fara fat, kowa ya ce ta farfaɗo. Inna ta yini tana korar kaji daga kanta, tana yi wa Hadi addu'a. Launin ne kawai ya dawo, Baba.

Ranar da Hadi ya nutsa da ita, ni na riƙe masa igiya. Injin ba ya kumfa, don haka ba abin da ido zai gani a saman ruwa. Na ja, bai amsa ba. Sauran ka gani a makara.

A gaida Inna.

Ɗanka,
Iliyasu.

Bakin Dam, ranar Alhamis.

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Amsarka ta zo ta bakin ɗan aike: kwanan Hadi ne ya ƙare, ni kuma karatun takardun ƙunshin ƙosai ya sa mini tsoro da tsaurin ido. To, na yarda da ƙaddara. Amma ba ƙaddara ce ta shimfiɗa tabarmar ba.

Ka san yadda nake a nan? In na fito, maza sun yi cirko-cirko a bakin busasshiyar hanyar ruwa suna kallona. In na gudu Kano, ni na kashe amfanin gari. Jiya Zulaihatu, matar Hadi, tana cikin takaba ta aiko mini da fura. Ba ta ce in shiga ba. Amma albasar da za ta ciyar da marayunta ita ma tana can tana yaushi. Furar nan tana nan a ƙwarya, ban sha ba.

Don kada in zalunce ku, na gwada. Na cika injin da tsakuwar shanya, na zauna a tudu ƙarƙashin darbejiya na sa a baki. Ba a jima ba kaina ya fara sarawa, ina haki kamar wanda kare ya koro. Na san ya kamata in cire, hannuna ya ƙi tashi. Madu mai gadin dam ne ya fizge shi daga bakina. Hadi ba shi da Madu a ƙasan ruwa.

Gobe Juma'a zan zo da injin a kaina, in ajiye shi a ƙofar masallaci. Idan an sallame, ka miƙe gaban liman da jama'a ka faɗi wanda ya ce a shanya tsakuwar. Sannan in har yanzu kana so in shiga, ka dube ni ka kira sunana ka ce in shiga. Wallahi zan shiga, ban taɓa tsallake maganarka ba. Amma ba ta bakin ɗan aike ba, Baba. Da bakinka, inda Inna za ta jiyo daga sahun mata.

Allah ya kai mu goben.

Ɗanka,
Iliyasu.