Na Ce Ya Ba Akuya Wayar, Ashe Ƙanena Ne

Goggo, don Allah ki raba ni da wannan rigima, kowa a gidanmu ya ɗaure min fuska.

Ni mai aski ne, amma Allah ya ba ni idon hoto. Ina cikin wani zaure na intanet, na masu ɗaukar hoto da waya. Dokarmu ita ce ka tura wa shugaba hotonka, ya saka ba suna, kowa ya faɗi gaskiyarsa, washegari a bayyana mai shi. Gaskiyar kuwa ni kaɗai nake faɗa. Sauran duk 'yan amshin shata ne, ko babban yatsanka ka ɗauka sai sun jera maka furanni. Akwai wani direba da ya ishe mu da hotunan faɗuwar rana ta bayan gilashi mai datti, wai shi nan gwani.

Makon jiya aka saka hoton kofi a kan taga. Dishi-dishi, a karkace, ga igiyar caja ta leƙo ta gefe. Na rubuta cewa mai shi ya ba akuya wayar, za ta fi shi iya riƙewa. Aka sha dariya. Washegari suna ya fito, autanmu ne. Tun da ya faɗo daga tsani a wurin aikin fenti hannunsa na dama ke karkarwa. Ashe hoton farko ke nan da ya ɗauka da hannun.

Ya fita daga zauren, ba ya ɗaga wayata. Aski ma ya koma wurin wani yaro da ko gyaran fuska bai iya ba, wannan ya fi ƙona min rai. Mamanmu ta ce ba ni da imani. To ni ƙarya zan yi? Hoton ai bai yi kyau ba.

Mai Ido

Ɗana Mai Ido,

Hoton bai yi kyau ba, na yarda. Masu jera furanni ma ba su taimaki kowa ba, kuma shi ya kai hotonsa inda ake faɗin gaskiya. Iyakar abin da ka ci ke nan.

Ina gyaran a maganarka? Mai ido na gaske zai ce a dafa gwiwar hannu a kan taga, a janye igiyar. Kai akuya ka kawo, don dariyar zaure kake nema, ka kuwa samu. Da ba ƙanenka ba ne, da ƙanen wani ne, ba za ka rubuto min ba.

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda ka ambaci hoto guda naka, ban gani ba. Gwaninta da baki, kowa ya iya.

Ka rufe shago ka je gidansa da ƙafarka. Kada ka ce hoton ya yi kyau, zai san ƙarya kake. Ka ce ka yi rashin mutunci, ka tsaya nan, ban da "amma". In ya huce, ka nuna masa dabarar tagar. Sannan ka ɗauki hoton kofin nan da lafiyayyen hannunka, ka saka a zauren da sunanka ƙuru-ƙuru, ka bar direba ya fara magana.

Allah ya ba autanku lafiya, kai kuma ya ba ka juriyar abin da za ka ji.

Goggonku