Takardun Baba da Na Ƙona

Boɗinga,
ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Zayyanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da kasuwar albasa a Fatakwal. Mu nan jiki lafiya, ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je suna a garin Shagari makon jiya. Amma Yaya, yau kwana uku ina riƙe da wata magana, kuma bakina ya kasa faɗinta ta waya.

Ka tuna gafakar marigayi Baba da ke rataye a zaure. Ranar Lahadi na sauke ta, na tarar gara ta cinye rabin takardun Alƙur'anin da ke ciki. Na yi yadda Baba ya koya mana: rubutun da ya lalace a ƙona shi a wuri mai tsarki, a binne tokar, kada ƙafa ta taka. Na kunna wuta a bayan gida ke nan, sai 'yata Ramla ta faɗo daga kan turmi ta fasa baki, na ruga ciki. Iska ta kwashi guntayen ta haura da su katangar Malama Rifkatu, Kiristar nan 'yar Zuru, unguwarzomar da ta karɓi haihuwata sau biyu. Baiwar Allah ta ga rubutun Larabci, ta san muna girmama shi, ta tsince don ta kawo mini. A ƙofar gidanta wani ɗan kabu-kabu ya gan ta da ƙonannun takardu a hannu. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa ta ƙona Alƙur'ani.

Matasa suka farfasa mata ƙofa da duwatsu. Allah Ya kawo Liman Shaihu, ya tare gaba, ya ce ko da ɓatanci ya tabbata, hukuncinsa na alƙali ne, da shaidu da bincike, kuma addini ya hana cutar da wanda ke zaune cikin amanarmu. Da ƙyar 'yan sanda suka fitar da ita, ana cewa Litinin mai zuwa za a kai ta kotu. Ta gaya musu tsintar takardun ta yi, amma ba ta ambaci sunana ba, alhali ta san inda hayaƙin ya taso. Wannan shi ke cin raina.

Maigidana ya ce in ja bakina in yi shiru. Ya ce taron da ya fusata ba ya tsayawa bambanta ƙonawar ladabi da ta wulaƙanci, za su ce na sayar da addinina don in cece ta, su juyo kanmu. Ban ce ya yi ƙarya ba. Tsoro nake ji ƙwarai, ka san ni, ko kaza ake yankawa sai na kau da kai. Amma kai ma baƙo ne cikin Kiristoci, kana salla a rumfarka ba mai hana ka, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Na zauna, na tashi, na rasa inda zan sa kaina.

Gobe da hantsi zan tafi wurin Liman da gafakar a hannuna, in ce ni ce. Ba shawara nake nema ba, kafin ka karanta an riga an gama.

Ka gai da matarka Na'ima da su Nusaiba, da Kawu Ɗantani in kun haɗu a kasuwa. Inna na gaishe ku, ba ta san komai ba tukuna. In abin ya juya, ka zo ka ɗauki Ramla da Kamal, in sun yi wayo ka gaya musu da bakinka cewa uwarsu ba ta wulaƙanta Littafin Allah ba.

Ƙanwarka mai neman addu'arka,
Halimatussa'adiya