Ƙuraje a Saiwar Wake

Zuwa ga jikata Mai Gilashi,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da kwalaben ɗakin gwajinku. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke yi mini tsiya duk sanda hadari ya haɗo. Takarda na rubuta na ba direba, don kin san ni da waya, ba abin da nake ji sai shuuu.

Baƙin garin nan da kika aiko a leda, na yi da shi yadda kika ce. Na yayyafa wa irin waken soya ruwan sukari, na barbaɗa garin, na cakuɗa a inuwa, muka shuka a ranar. Ya tsiro gwanin sha'awa. To shekaranjiya ina cirar ciyawa na tuge guda bisa kuskure. Saiwar duk ƙuraje ce, kamar an manna mata ƙwayar dawa. Irin wannan na gani shekarar da tumatir ya mutu mini a tsaye.

Kin san yadda muka yi da ƙanena Dogo. Gonar nan ta mahaifinmu ce, ba mu raba ba. Masara ta ƙi shekara uku a jere, muka daddale cewa in bana ma gonar ba ta yi ba, a ba masu bulo su kwashe ƙasarta. Na nuna masa saiwar, ya ce magana ta ƙare. Ni kuma na yanke in tuge waken ran Asabar in ƙona, kada cutar ta tsallaka gonar maƙwabta. Ban ce laifinki ba ne, karatu ne ya yi miki yawa.

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki

*

Zuwa ga Kaka,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida gwiwa. Don Allah ka mayar da ashana aljihu. Ƙurajen nan su nake jira tun ranar da na ɗaure ledar, da ina kusa da na yi guɗa a bakin gona.

Garin da na aiko cike yake da wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, mu muna ce musu bakteriya. Su suka shiga saiwar suka gina ɗakuna, ɗakunan ne ka kira cuta. Abin da ke cikin buhun taki yana sa ganye kore, sunansa naitirojin, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da kake shaƙa shi ne. Tsiro ba ya iya kama shi daga iska. Su suna iyawa. Suna kamawa su ba wake, wake ya ba su abinci. Bayan girbi, in ka yanka waken ka bar saiwa da ganye a ƙasa, masarar baɗi za ta samu nata rabon. Ban ce gona za ta koma sabuwa a damina ɗaya ba, amma ta kama hanya.

Kada ka yarda da ni, ka yarda da babban yatsanka. Ka murza ƙurji ɗaya. In ya ɓalle ya bar saiwa lafiya, nawa ne. Cutar tumatir ba ta ɓallewa, don saiwar ce da kanta ta kumbura. Sannan ka tsaga shi da reza. In cikin ja-ja ne kamar nama, suna kan aiki. Ka tono daga kusurwa huɗu na gonar, ka rubuto mini abin da ka gani. In na yi kuskure, na yarda ka karɓe gilashin.

Ka huta lafiya.
Jikarka

*

Mai Gilashi,

Gaisuwa mai yawa. Ban ƙona ba. Na je da reza da Dogo, yana biye da ni yana tsaki. A gabas yadda kika faɗa haka na gani, suna ɓallewa, cikinsu ja. Na ji daɗi har na manta da gwiwa.

Amma a yamma babu ƙurajen, sai ɗaya nan ɗaya can, su ma farare a ciki. Kuma nan ne waken ya fi tsayi, ganye ya yi baƙi-ƙirin don kore. Dogo ya ce to ga shaida, inda babu ƙuraje nan ne lafiya take, gabas kuwa kwananta ya kusa ƙarewa. Ya aika wa masu bulo su zo su auna ƙarshen wata. Ke da kika san komai, sai ki yi bayani.

Kakanki

*

'Yata,

Ina gaishe ki, ya aiki? Goggonki ce. Na saƙala wannan a cikin ambulan ɗin tsohon bai sani ba, kada ki tona ni.

Ya san abin da ya samu yamma sarai. Sati biyu da tsirowa, na fito shara da safe na gan shi ya ɗora rabin buhun takin yuriya da ya rage bara a kan keke. Na ce, "Baba, ba jikarka ta ce kada a sa taki ba?" Ya ce, "Ke rufe mini baki. Garin da bai cika kofi ba shi zai ciyar da gona guda? Rabi nata, rabi nawa." Ya je ya watsa wa yamma.

Yanzu kunya ta hana shi faɗa. Duk majalisar ƙofar gida ba wanda bai yi wa alfahari ba cewa jikarsa ta aiko masa da taki mai rai, shi ya daina sayen na buhu. Ya gwammace ya rasa gonar da a ce Dogo ya kama shi. Abinci ma ba ya ci sosai, kuma ni tausayinsa nake ji. Ki san yadda za ki yi.

Ki gaida abokan aikinki.
Goggo

*

Kaka,

Barka da aiki, barka da reza. Ja ɗin da ka gani a gabas ya ishe ni, gonarka na da rai.

Zancen yamma ba wuya. Wake ɗan son banza ne. In ya tarar da taki a zube a gindinsa, ba ya buɗe wa baƙin nan ƙofa, don me zai ciyar da ma'aikata ga abinci kyauta? Sai ya yi ta tsayi da ganye. A ɗakin gwajinmu muna yin haka da gangan a tukwane, mu ga bambanci. Abu ɗaya na sani da ke sa rabin gona ya yi haka rabi ya ƙi, kuma a buhu yake zuwa. Ban tambaye ka ba. Ni ma da aka fara nuna mini garin nan ban yarda ba sai da na gwada, kuma ba wanda ya kira ni maras hankali.

Sai dai Kaka Dogo yana yanke hukunci a kan abin da bai sani ba, kuma mutum ɗaya ne zai iya sanar da shi. In masu bulo suka kankare ƙasar sama, da mai ƙuraje da maras ƙuraje duk sun tafi, ba garin da zan aiko ya dawo da ita. Kafin su miƙa igiyar awo, ka kai shi gona ku ƙirga 'ya'ya, gindi goma a gabas, goma a yamma. Ban da shakka a kan abin da za ku samu. Sauran maganar kuwa taka ce.

Allah ya ƙara maka lafiya.
Jikarka

*

Mai Gilashi,

Gaisuwa. Masu bulo sun zo da igiyarsu, su uku. A gabansu na ce, "Dogo, yamma ni na zuba mata yuriya a ɓoye." Ya dube ni, ya yi dariya har sai da ya zauna a kan kunya. Masu bulo ma suka taya shi. Da ya gama muka ƙirga. Gabas da ba ta ci komai ba, ita ta fi 'ya'ya. Ya sake ƙirgawa shi kaɗai, ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce musu su yi haƙuri su nemi wani fili.

Majalisa ta samu abin yi da ni har baɗi, ban damu ba. Gonar mahaifinmu tana nan. Dogo ya ce in tambaye ki ko garin nan yana yi wa gyaɗa, wai shi ma yana da wata gona da ta gaji.

Kakanki