Kiyashin da Umma ta gano

Daren Laraba, unguwar Al-Sadd, ƙasar Larabawa

Alhamdu lillahi! Yau aka cire wa Umma bandejin aikin yanar ido. A tasi na yi ta tambayarta ko tana gani, sai dai ta ce, "To, da sauƙi." Ga shi kuwa ni na matsa mata ta taso daga Katsina a yi aikin nan.

Muna shiga falo ta tsaya gaban kwafin tsohon zanen nan na mutanen Holan: inabi, burodi, lemon tsami an fere rabi, da kofin gilashi. Can ta ce, "Wace ƙazama ce ta bar abinci ba faifai? Ga kiyashi nan ya hau inabin."

Na matsa kusa. Wallahi kiyashi ne, har uku! Shekara huɗu zanen nan yana bangona, ni da karanta hoton ƙirji ne aikina a asibiti, ban taɓa ganinsu ba. Ta kuma nuna mini taga a jikin kofin, da wani ɗan mutum tsaye a cikinta. Wai mai zanen ne ya laɓe, yana jiran wanda zai gane shi. Ina dariya, hawaye na zuba.

Sai ta juyo. Umma da ba ta kallon 'yar farinta ido da ido, yau ta ƙare mini kallo.

Ta ce, "Ke, yaushe kika fara furfura?"