Ni na yanke farfelar, dattijo aka ɗora wa laifi

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ma'aikaci ne a Dutse, amma tun ƙuruciya hannuna ba ya rabo da baƙin mai. Shekara biyu ina haɗa wata tsohuwar a-kori-kura a gidanmu, bodi daban, inji daban, giya daga wata matacciyar mota. Da na zo ɗaura farfela, doguwar sandar ƙarfen nan da ke juya tayoyin baya, sai ta fi wurin tsawo da yatsa huɗu. Na yanke ta, na zura guntun bututu, na ɗiɗɗiga walda wuri huɗu kawai, don in samu in matsar da motar ƙarƙashin rumfa kafin ruwa ya sauka, daga baya a yi mata aikin gaske. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Yayana da ke kiranta kejin kaji, yana cewa ranar da ta tashi shi ma zai yi fiffike?

To wannan Yayan nawa, ina wurin aiki, ya shiga ɗakina ya ɗauki mukulli, ko waya bai yi mini ba. Ya lafta mata buhunan riɗi, ya roƙi maƙwabcinmu Malam Haladu ya kai shi kasuwa. Dattijo ne da ya tsufa yana jan bas tsakanin Dutse da Jahun, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Ba su yi nisa ba walda ta ɓalle, farfela ta caki kwalta, mota ta wuntsila rami. Yaya ya karye a cinya, shi Malam ƙujewa kawai ya yi.

Abin da ke tafasa mini zuciya, tun a gadon asibiti Yaya ya fara cewa idon tsoho ya tafi, shi ya jefa su rami. Dangi suka ɗauka, magana ta kai tasha, mai bas ya karɓe mukullinsa. Wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba yana kwance ana kai masa farfesu, wanda ya zo taimako an zaunar da shi a gida. Wannan wane irin adalci ne? Amma ni da nake wannan faɗan na fi kowa zalunci. Ranar da aka jawo motar na kwance guntayen farfelar na jefa tsohuwar rijiya, don na san Yaya, har in mutu zai riƙa cewa ni na gurgunta shi, kuma mahaifiyarmu za ta ji. Malam ya same ni ya ce shi fa ya ji wani abu ya doki ƙasa kafin sitiyari ya ƙwace, in bari ya leƙa ƙarƙashi. Na dubi idonsa na ce na duba da kaina, komai lafiya lau.

Jiya bayan la'asar Malam ya yi sallama, ya ƙi zama a tabarmar da na shimfiɗa.

"Zuwa na yi ka yafe mini, ɗana," ya ce. "Shekara biyu kana wahala, na rusa maka a wuni ɗaya. Tunda ka ce ƙasan lafiya, to idon ne. Na haƙura da tuƙi."

Kun san me na ce? Na ce, "Ba komai Baba, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ni, ni na yafe masa.

In na faɗi gaskiya gidanmu zai kama da wuta. In na yi shiru, mutum mai ido garau zai ƙare rayuwarsa yana zargin idonsa, iyalinsa suna kallonsa a zaune. Jama'a, ku faɗa mini tsakani da Allah, me zan yi?