Ludayin da Ke Hannun Huraira

Magariya, 9 ga Afrilu, 1976

Zuwa ga ɗana Muttaƙa, a Ikko.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya tsare ku daga fitinar babban gari, ya sa albarka a cinikinka. Mu nan lafiya lau muke, sai zafin bazara. Gwiwata ta yi sauƙi, ba ta kai yadda aka ba ka labari ba. Yayarka Barira ta zo daga Dungas, ta ce gyaɗar bara ba ta yi musu komai ba, amma hatsinsu zai kai su damina. Matar ɗan'uwanka Usmanu ta sauka a Bande, an sami mace, an sa mata Fadi.

Saƙonka ya iso ta hannun Maina direba, na kuma karanta da idona. Ka ce tun da 'yarka Huraira ta faɗi Ingilishi a kolej, za ka karɓe ta daga riƙona ka sa ta makaranta a can, inda ake jin harshen a titi, ni kuma in tattara kayana in biyo ta don kada in zauna ni kaɗai. Ban amsa maka a lokacin ba, domin ba na rubuta magani kafin in ga ciwo. Yanzu na gani.

Mushe Illo, wato Malam Illo a bakin masu Faransanci, mai koya wa su Huraira Ingilishi, yana ba su kalmomi ne bisa tsawonsu. A farkon shekara masu haruffa huɗu ya ba su, yanzu sun shiga masu biyar, kowace da ma'anarta da Faransanci. Huraira kuwa ta ɗauke su kamar karatun allo, tana rerawa tana kaɗa kai, ba ta tsallake ko ɗaya. Wata rana da hantsi tana shan fura tana bita, na ji ta ce ladle, ma'anarsa louche. Na tambaye ta mene ne louche. Ta ce ba ta sani ba, ga ludayin a hannunta, furar tana ɗiga daga cikinsa. Na tambaye ta wheat, ta ce blé, amma ba ta san cewa alkamar da ake yi mata alkaki da ita ce ba. Ka ga ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba. An kawo mata baƙo ne, aka ɗauko wani baƙon ya yi mata tafinta, ta zauna tana gaishe su duka biyun ba ta san kowa ba.

Ni ban iya Ingilishi ba, amma Faransancina na lakwal, makarantar boko ke nan, bai yi tsatsa ba, kuma da shi na yi aikin ungozoma har na ajiye. Saboda haka muka raba aikin. Ita take karanta kalma da ma'anarta, ni in mayar da ita Hausa, sannan ba a wucewa gaba sai ta tashi ta ɗauko abin ta ajiye a gabana. Broom ta kawo tsintsiya, onion albasa, sieve rariya. Ranar sheep sai da ta jawo tunkiyar maƙwabciyata Ya Kaka har tsakar gida. Ya Kaka ta biyo ta tana cewa wannan karatu na Nasara zai ƙarar mata da dabbobi, wai ta ji raƙumi na cikin darasin mako mai zuwa, in fara rushe ƙofar zaure tun yanzu. Waɗanda ba a ɗaukowa da hannu, irin su trust da shame, nakan ba ta labarin wani a dangi har ta gane. Kai ma ka shiga ciki, ba zan faɗa maka a wacce ba.

Na je kolej na sami Mushe Illo. Da farko ya ce mini doka ba ta yarda a yi Hausa a aji ba. Na ce masa na san dokar tun ba a haife shi ba, ni ce kuma na yanke masa cibiya, kuma ban ce ya yi Hausa ba, ludayi ba ya magana da kowane harshe. Ya yi dariya, ya ce zai gwada. Yanzu yara na zuwa da kaya cikin ƙwarya ranar Ingilishi. A jarrabawar da suka yi kafin hutu, Huraira ta tashi daga ƙarshen aji ta dawo tsakiyarsa. Ba zan ce maka ta zo ta ɗaya ba, ban saba ƙara gishiri ba.

Na kuma tambaye ta ra'ayinta ba tare da na nuna mata nawa ba. Ta ce tana marmarin ganinka da ƙannenta, amma tana so ta gama a nan, in ya so ta zo hutu. To, dalilin da ka kawo ya kau, yarinya tana nan. Idan kana son taimaka mata, ka nemo ƙamus na Ingilishi da Hausa ka ba Maina, domin bayan damina za su shiga masu haruffa shida. Maganata kuwa, gidan nan ni na gina shi, a cikinsa na yi takabar mahaifinka. Ranar da na kasa ɗaga tuluna, ni da kaina zan rubuto a zo a ɗauke ni. Kafin ranar, kada ka sake aiko mini da wannan magana.

Ka gaishe da matarka Hassana, ka ce mata na gode da turmin atamfa. Ka gaishe da jikokina Mamuda da ƙaramar Ƙande, da kawunka Sha'ibu idan kun haɗu. Barira da Ya Kaka suna gaishe ku. Allah ya yi maka albarka.

Ni ce mahaifiyarka,
Mero