Ɗumin Jinin Rago

Laraba, Ƙaura, bayan isha'i

Yau na koma mayanka, mako shida bayan aikin da likita ya yi wa hannuna.

Ragon bara bai bar ni ba har yanzu. Na ɗora masa wuƙa, yatsuna uku suka mutu kamar ba nawa ba, wuƙar ta suɓuce. Ya ƙwace da rabin yanka yana fesa jini, ya faɗa kwata ya zama mushe. Sarkin Fawa ya ce a gaban kowa, "Mamman, aje wuƙar nan, azaba kake ba dabba." Ranar na yi ta maka hannun a bango har fata ta saluɓe. Na ɗauko gatarin saran ƙashi zan sare hannun, matata Hajara ce ta fizge shi.

Wanzami ya tsattsaga ni a banza. Likitan Gusau ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, ya yi 'yar tsaga kamar ƙwayar wake ya sake ta.

Yau da safe Sarkin Fawa ya miƙo mini wuƙa. Na yi bisimilla, ja ɗaya. Jini ya kwararo kan yatsuna, na ji ɗuminsa. Na daɗe ban wanke ba.